Inda Kunkuru Ya Ɓoye Kansa

Lam-hong-o, 8 ga Afrilu, 1988

Zuwa ga 'yar ƙanwata Siok-tin, a birnin Sebiya, ƙasar Sifen.

A-tin,

Ina gaishe ki, da fatan kin ci kin ƙoshi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke gaya mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Uwarki ta zo ranar sharar kaburbura, ta ce in gaya miki shekara uku ke nan kina karanta takardun matattu, ko za ki tuna da masu rai. Na isar da saƙo. Kunnena kuwa injin jirgi ya gama da shi, don haka kada ki wahalar da kanki da bugo waya shagon ƙanƙara, ba na jin komai sai ƙugi. Ki rubuto.

Mun tono kakarki A-ma. Shekara takwas ta cika da binne ta, mai tsintar ƙashi ya zo ya wanke ƙasusuwanta da giyar shinkafa, ya shanya, ya jera su a zaune cikin tulu, ƙafafu a ƙasa, kai a sama. Yanzu tulun yana ƙarƙashin wani dutse a gefen tsauni, na lulluɓe shi da tamfol, yana jiran kabarin dindindin. Dole a gama kafin watan fatalwa ya kama, sha biyu ga Agusta a kalandarku, domin babu maginin da zai taɓa kabari a wannan watan. Ni kuma ba zan bar uwata a tamfol ta kwana shekara ba.

Kina ɗakin ranar da ta ce, in kun tsince ni ku zaunar da ni ina kallon Patiran, garin kakannina. Kin ga abin da na yi. Na ce ta yi shiru, akwai surukai a wurin. Shekara arba'in na yi ina toshe mata baki duk sanda ta fara wancan yaren nata, don kada a kira 'ya'yana huan-a, 'yan daji, zagin da ake yi wa 'yan asalin tsibirin nan. Ban taɓa tambayarta ina ne Patiran ba. Yanzu na tambayi tsofaffin haikali, na tambayi ofishin gunduma, kowa sai ya ce bai taɓa jin sunan ba. Barci ya ƙi ni, abinci ya ƙi ni.

Kin taɓa ce mini mutanen Sifen sun bi gaɓar tekunmu shekara ɗari uku da wani abu da suka wuce, suna zana kowane lungu. A lokacin na yi miki dariya. Yau na daina. Ki duba mini.

Kawunki,
Ban-kim

Sebiya, 24 ga Afrilu

A-ku, kawuna,

Na ci, amma ban ƙoshi ba. Mutanen nan sai ƙarfe uku suke cin abincin rana, kuma ba su san kunun shinkafa da dankali ba. Ka riƙa ɗaure gwiwar nan in za ka fita teku. Ka ce wa Mama ina raye.

Ban yi zaton zan ji wannan magana daga bakinka ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka da na karanta. Washegari tun kafin a buɗe gidan adana takardu ina bakin ƙofa. Ka san ba kamar kasuwar kifinku ba ne da za ka nuna abu a miƙo maka. Takardun a ɗaure suke dami-dami, sai ka rubuta lambar dami ka zauna jira, a kawo maka ɗaya, ka kwance igiya ka bi su ganye-ganye da fensir a hannu. Wani damin sai ka yi kwana biyu a kansa ka tarar lissafin albarushi ne da shinkafar soja.

A kwana na tara na samu. Taswira ce mai launi, an aiko da ita daga Manila, inda gwamnansu yake zaune a lokacin, zuwa ga sarkinsu. Ga filinmu, ga babban kogi, ga ƙananan bukkoki an zana da jan tawada, kowace da sunanta. Ta huɗu a kudancin bakin kogi, Patiran. A-ku, sunan yana nan, da harufansu. Na kasa zaune na kasa tsaye, sai da na fita na zagaya ginin sau biyu, mai gadi yana kallona kamar taɓaɓɓiya.

Amma ka ba ni wata guda kafin ka taɓa siminti. Taswira ɗaya ba hujja ba ce. Maganar A-ma ma, a wurin masu wannan aiki, ba hujja ba ce sai an sami takardar da ta goya mata baya. Ina so in gano wanda ya zana ta, da kuma inda ya samo abin da ya zana.

'Yarka,
A-tin

Lam-hong-o, 12 ga Mayu

A-tin,

Muna lafiya. Kifi ya yi araha har kyanwa tana yi masa yanga.

Na karanta wasiƙarki sau uku. A na farko na yi murna, a na biyu na tsaya a wani layi, a na uku na ninke ta na sa a ƙarƙashin farantin shayi. Maganar A-ma ba hujja ba ce? Matar da ta goya ki a bayanta tana tsinke kan kifi a kasuwa, yau sai wani Bature mai jan kunne da ya mutu shekara ɗari uku ya sa mata hannu kafin ki yarda da ita? Ni na toshe mata baki don tsoro, na kuma san laifina. Ke da iliminki za ki toshe mata. Gaya mini wanne ya fi.

Wata guda kuwa babu shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na kai tsoho Liau, mai duban inda ya dace kabari ya fuskanta, kan tsauni, na nuna masa kudancin bakin kogi. Ya ɗora faifansa mai allurar nuna arewa a kan shinkafa, ya juya, ya juya, sai ya washe baki. Ya ce, "Ban-kim, uwarka ta iya zaɓe! Wannan fuska ta arzikin 'ya'ya maza ce, jiragenku za su riƙa dawowa a nutse da kifi." Magini ya ja igiya, mun zuba harsashi, an fara ɗora bangon baya. Taswirar da aka aika wa sarki ai ba za a yi ta da wasa ba.

Na gode da wahalarki. Sauran kuma aikin masu hannu ne.

Kawunki

Sebiya, 2 ga Yuni

A-ku,

Lafiyata ƙalau, zafi ne kawai ya fara. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, ka yafe mini.

Ka tsayar da magini. Taswirar nan ƙarya ce.

Kafin nan, ka fahimce ni a baibai. Ba A-ma nake shakka ba, takardar nake shakka. In da ban yarda da A-ma ba me zai sa in bar littafin da malamina yake jira tun bara in koma tonon dami saboda kalma ɗaya? Ka yi mini faɗa in na dawo, yanzu ka saurara.

Na sami wasiƙar da ta rako taswirar. Wanda ya zana ta akawu ne a ofishin gwamna a Manila, bai taɓa taka tsibirinmu ba. Da bakinsa ya rubuta cewa an ba shi jerin sunayen garuruwa, shi kuma ya rarraba su a gefen kogi yadda takarda za ta yi kyan gani. Ka ji! Garin kakanninmu ya ajiye shi inda ya ga fili ya rage.

Jerin sunayen daga littafin wani matuƙin jirgi aka kwaso, na kuwa bi sawu har na same shi a wani dami da ruwa ya taɓa ci. Mutumin ya je Patiran da kansa, a shekarar 1632. Ga abin da ya rubuta: ya jefa anga a zurfin gaba tara, ƙasan ruwa baƙin yashi, tsibiri yana bayansa ta gabas, gari yana gabansa a kan tudun yashi, kusa har suna jin haushin karnuka. Shi ke nan. Bai faɗi arewa ko kudu ba, bai ambaci kogi ba. Gaɓar nan tafiyar yini ce, kuma duk baƙin yashi ne.

Ya yi zane biyu a gefen shafi, amma kaza ta fi shi iya zane. Ɗaya wai ƙaramin tsibirin nan namu da muke kira Kunkuru ne, ya yi shi kamar kifaffiyar ƙwarya, babu kai babu wuya. Wa ya taɓa ganin Kunkuru ba kai? Ɗayan kuma layin tsaunuka ne da wani giɓi, da ɗigon tawada a ƙarƙashin giɓin, da tsayayyen layi ya haɗa su. Na nuna wa malamina, ya ce wasan hannu ne na wanda zaman jirgi ya ishe shi. Na kwafe maka su a takarda mai shara-shara, don dai ka ga irin abin da nake fama da shi.

Akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Ba ciniki ya kai su ba. A shafi na gaba ya rubuta cewa da gari ya waye sun sauka da soja sun sa wa garin wuta, mutane suka watse cikin ciyawa. Ya rubuta shi a layi ɗaya da labarin tsagewar filafilan jirgi. Na rufe littafin na je na wanke hannuna, ban san dalili ba.

Ban san inda Patiran yake ba, A-ku. Abin da na sani kawai, ba inda kuka fuskantar da ita ba ne. Zan ci gaba da nema.

A-tin

Lam-hong-o, 5 ga Yuli

A-tin,

Muna nan dai. Guguwar teku ta farko ta wuce ta gefe, na hau tsauni cikin ruwa na ƙara wa tamfol duwatsu. Gwiwar ta kumbura, kada ki gaya wa uwarki.

Wata biyu ba layi ko ɗaya. Kullum sai na tare mai kawo wasiƙu a bakin gada, har ya fara canja hanya in ya hango ni. In fushi kike yi da abin da na rubuta, to na ji, bakina ya fi hannuna sauri tun ina yaro. Amma ni kawunki ne, ko Mai Tsawa da ke sama ya san matsayin kawu a ƙasa. Yaro ba ya yi wa babba yaji.

Kabari ya kusa ƙarewa, an shafe shi, saura dutsen suna. Tsoho Liau ya zaɓi rana, shida ga Agusta da hantsi. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. In na tsaya a gabansa na kalli kudancin kogin nan ba na jin komai, kamar ina kallon gonar wani. Ko tsufa ne?

Kawunki

Sebiya, 18 ga Yuli

A-ku,

Wane irin fushi? Na rubuta maka tun biyu ga Yuni, shafi huɗu da zane a ciki! Ba ta iso ba? Na bugo shagon ƙanƙara sau uku, matar ta ce ka fita teku, na ba ta saƙo, tana ta ce mini to, to, ina jin ta tana sayar wa wani ƙanƙara.

Taswirar ƙarya ce, wanda ya yi ta bai taɓa ganin ƙasarmu ba. Kada ku sa A-ma a wannan kabari. In ya kama a jira baɗi, a jira. Na bi dami goma sha ɗaya tun daga lokacin ban sami komai ba, idanuna har yaji suke yi, kuma za su rufe ɗakin karatu a watan gobe. Ina ji kamar in yi tsuntsuwa in zo. Ka rubuto ko da kalma ɗaya ce.

A-tin

Lam-hong-o, 9 ga Agusta

A-tin 'yata,

Na ci na ƙoshi, karo na farko tun bazara. Uwarki tana gaishe ki, ta ce ki sayi hula. Ki nemi wuri ki zauna, wasiƙar nan doguwa ce.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso, ashirin da tara ga Yuli. Ta farkon an buɗe ta an sake mannewa da wani irin gam mai wari. Kin manta ƙasarku ne? Wa yake aiko zanen gaɓar teku daga waje ya yi zaton masu leƙen wasiƙun mutane za su bar shi ya wuce? Da alama wata biyu suka yi suna juya shi, su ma ba su gane ba.

Na karanta a tsaye a bakin gada, gumi ya karyo mini. Saura kwana takwas, ga kabari an gama, ga ki kina cewa ƙarya ne. Sai takardar shara-sharar ta faɗo. Na ɗaga ta a rana, na duba, sai na ji dariya ta kama ni har mai kawo wasiƙu ya ja da baya.

A-tin, ke da malaminki kun taɓa shiga jirgin da ba shi da kujera? Mutumin nan ba wasan hannu ya yi ba, alamar wuri ya ɗauka, yadda ubana ya koya mini, yadda kowane masunci yake riƙe ramin kifinsa. A teku babu bishiyar da za ka ɗaura tsumma. Sai ka dubi abu biyu a tudu da suka hau kan juna, ka juya ka dubi wani a wani gefen, inda layukan suka gamu nan ne wurinka. Ku kuna kallon ƙasa daga sama kamar shirwa, shi kuwa daga kan ruwa yake kallonta.

Kunkuru ba kai kuma, ke daga gidanmu kika saba ganinsa, kansa a dama. In kika yi arewa sosai kan yana komawa hagu. To a tsakani akwai layi ɗaya, siriri, inda yake juya miki wutsiya, kan ya ɓuya a bayan ƙoƙonsa. Kifaffiyar ƙwarya sak.

Da asuba na sa hannu a wurin masu tsaron gaɓa na ce kifi za ni. Na yi arewa, na wuce bakin kogi, ina tafe ina waiwayen Kunkuru, kan yana shigewa a hankali har ya ɓace. Na rage wuta na bi layin nan zuwa tudu. Ga giɓin tsauni, kowa ya san shi. Ɗigon tawadar da kika raina baƙin dutse ne, da a cikin ruwa yake, yanzu yashi ya cim masa, sai kansa ya rage a waje. Na yi ta gyara jirgi har giɓin ya zauna daidai a kansa. Na kashe inji, na saki igiya da dalma. Gaba bakwai da rabi, yashi ya ci sauran. Na ɗago dalmar, baƙin yashi.

Na ɗaga kai. Tudun yashi ne dogo, da itatuwan tare iska, da wata bukkar masu kamun 'ya'yan kifi. Ba komai a wurin. Na zauna a kan akwatin ƙanƙara na tuna abin da kika ce mutumin ya yi da gari ya waye, daga daidai inda nake zaune. Na tsine masa da murya, sannan na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da ta rasu.

Washegari na kai tsoho Liau kan tsauni na nuna masa wurin, can arewa maso gabas. Ya ɗora faifansa, fuskarsa ta canja. Ya ce, "Kai, Ban-kim, kanka ɗaya? Wannan fuska iskar hunturu take sha kai tsaye. Ba ta tara wa 'ya'ya maza komai, ga ka da 'ya'ya biyu a teku." Na ce, "Liau, ba ta ce a zaunar da ita tana tara mini kifi ba." Ya ce shi babu hannunsa. Na ce dama ƙafarsa ce ta kawo shi, ta mai da shi. Ya tafi, ya dawo bayan an jima, ya ce ranar dai tana nan da kyanta, ko don tsohuwa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, maganarsa ta shige ni. Na kira 'ya'yana na gaya musu duka, har da ko su wane ne mu. Ƙaramin ya tambaya ina guduma take. Magini ya ce, "Aikin da na shafe da hannuna ba zan rusa ba." Mu uku muka rusa, shi ya zauna yana shan taba yana gaya mana inda za mu buga. Kwana huɗu aka sake ɗora shi, siminti bai gama shan iska ba muka sa ta. Da hannuna na juya tulun har fuskarta ta daidaita da tudun.

Saura dutsen suna. Kin san a saman kowane dutse ana sassaƙa garin asalin mutum a can babban yankin Sin. A tsohon dutsenta ni na sa aka rubuta Chiang-chiu, garin surukaina, inda ko kakan kakanta bai taɓa zuwa ba. Wannan karon na sa mai sassaƙa ya hau tsauni da kayansa, na ce ya nemo haruffa uku da za su ba da Pa-ti-ran. Ya soshi ƙeya, ya ce shekara talatin yana wannan aiki, ya san gundumomin jihar Hok-kian da na jihar Kng-tang kaf, bai taɓa jin wannan ba. Ya ce, "Tsoho, a wace jiha yake?"

Na kama kafaɗarsa na juya shi, na nuna masa da hannu.

Ki gama littafinki ki dawo gida. In kin zo zan kai ki a jirgi, ki zo da takalmin da ba kya jin tausayinsa.

Kawunki,
Ban-kim, ɗan mutanen Patiran